Su Waye A Cikin Hoton Nan?

Na san da yawanku kun leƙo ne don ku ji yadda ta kaya tsakanin yarinyar nan da kishiyar uwarta, to ku yi mini afuwa, wannan makon na jingine labarin a gefe guda. Wani abu ne ya tokare mini ƙirji tun bayan Babbar Sallah, na yi ta ƙoƙarin haɗiye shi ya ƙi wucewa, shi ya sa na ga gara in zazzage shi a gabanku, in ya so wanda ya ga na yi daidai ya taya ni, wanda kuma ya ga na yi shirme ya gyara mini.

Ɗan yayata ne da ke karatu a jami'a ya zo mana hutun Sallah nan Babban Mutum, ya taho da wata irin ƙwallo a jakarsa. Ba kewayayya ba ce irin wadda muka sani, doguwa ce mai tsini biyu kamar gwanda. Da ya fito da ita ƙofar gida yara suka yi caa a kansa, wani ya ce mota ce ta taka ta, wani ya sa ƙafa ya doka ta yi tsalle ta nufi inda ba a aike ta ba, aka bushe da dariya. Ya ce mana sunan wasan ƙwallon zari-ruga, suna da ƙungiyarsu a makaranta, shi ne ma magatakarda. Ni dai na taɓa jin sunan a rediyo, na kuma san akwai masu yin ta a Kano, amma ban taɓa riƙe ƙwallon da hannuna ba sai ranar.

Da daddare muna zaune a kan tabarma ya yi mini bayani. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, ana yin minti 80. Da hannu ake ɗaukar ƙwallon a ruga da ita, abokan hamayya su bi ka su kayar da kai ƙasa, ba laifi ba ne, dokar wasan ke nan. In ka kai ta bayan layin gidansu ka dangwarar, ka ci maki 5. Akwai wani wuri da ƙarti takwas-takwas ke sunkuyawa su haɗa kafaɗa su yi ta turin juna kamar raguna, ƙwallon tana ƙarƙashinsu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wai ba a miƙa wa na gaba ƙwallo da hannu, sai dai na bayanka ko na gefenka. Na ce masa ai wannan kokawa ce da langa aka haɗa aka ba su ƙwallo, da ƙartin ƙauyukanmu za su gano ta da an sha kallo. Muka yi dariya.

To ba wasan ne ya hana ni barci ba. Yana laluben wani abu a jaka sai wani tsohon littafin rubutu ya faɗo, bangonsa duk ya sha salatif. Na ɗauka ina dubawa da fitilar waya. Shafukan farko lissafin kuɗin ƙungiya ne, wane ya biya wane bai biya ba. Da na juya can baya sai na ga wasu shafuka daban, rubutun hannu kala-kala, wani da biro shuɗi wani da baƙi, wani har ya fara dusashewa. Sunaye bakwai ne. Kowane suna an rubuta garinsu, da shekarar da ya shiga ƙungiya, da gurbin da yake bugawa, da shekarar da ya rasu, da wanda za a nema a cikin danginsa. Biyar 'yan wasa, biyu masu horarwa. Na ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Kawu, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne. Ni ko ɗaya ban taras ba a cikinsu, amma duk shekara kafin wasanmu na farko sai mun tsaya a fili an karanto su ɗaya bayan ɗaya. Musulmi su yi addu'a, Kirista su yi tasu, sannan a zagaya da hula, abin da aka samu a aika wa iyalin ɗaya daga ciki. In na gama makaranta zan miƙa wa na bayana littafin."

Sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kawu, ai Inna ta ce ku ma kun yi tashe a ƙwallo a garin nan. Ina naku littafin?"

Wallahi ban ba shi amsa ba. Na ce dare ya yi, ya je ya kwanta.

Jama'a, mun yi ƙwallo a garin nan. Ba mu da rajista da kowace hukuma, ba mu da filin kirki sai na makarantar firamare, wanda in damina ta sauka sai mun roƙi masu awaki su ɗaure dabbobinsu. Raga kuwa itacen darbejiya ne guda biyu da igiya a sama. Amma mun je Ɓaure mun buga, mun je Zango, mun je Ɓaɓura, mun shiga Daura sau biyu aka lallasa mu sau biyu, mun kuma tsallaka iyaka zuwa Magarya a bayan a-kori-kura, muna waƙa tun daga tasha har muka isa. A 1997, shekarar da nake ajin ƙarshe a sakandare, muka ciwo wani ɗan kofi na gwangwani da wani ɗan siyasa ya sa, aka kira mai hoto ya ɗauke mu. Washegarin maganar yaron nan na buɗe akwatin ƙarfen da nake ajiye tsofaffin rubuce-rubucena, na tono hoton. Mu 16 ne a ciki, takwas a tsaye, bakwai a durƙushe, mai tsaron gida ya kwanta a gaba ya rungume kofin.

Na zauna da biro zan rubuta sunaye a bayan hoton. Na kawo 11. Sauran biyar ɗin na san fuskokinsu sarai, na san wanda ke buga baya da wanda ke gudu ta gefen hagu, na tuna laƙabin da muke kiran uku daga cikinsu, irin sunayen 'yan wasan Turai da na Super Eagles da muke liƙa wa junanmu. Amma sunan yanka da sunan uba, ƙwaƙwalwata ta ce ba ta san zancen ba. Shekara 30 ma ba a cika ba fa! Kuma ni ne wai marubucin garin, ni ne wanda na cika littattafai da sunayen mutanen da ba a taɓa haifa ba, na san kalar mayafin kowace jaruma tawa da irin motar da saurayinta ke hawa.

A cikin mu 16 ɗin nan, biyar sun rasu. Bari in tsaya a kan biyu.

Na farko shi ne kocinmu, wanda ke tsaye a ƙarshen layi da usur a wuya. Malamin firamare ne, ba ɗan garin nan ba ne, aiki ya kawo shi ya zauna har ya yi aure. Babu wanda ya naɗa shi koci, babu wanda ya taɓa biyansa ko sisi. Da albashinsa ya sayo mana ƙwallon fata ta farko, in ta fashe shi ke kai wa baduku ya ɗinke. Rigunan da muke sanye da su a hoton nan gwanjo ne ya ɗauko a Kano, matarsa ta yanka farin ƙyalle ta ɗinka lambobi a baya, shi ya sa lamba 6 da lamba 9 ba ka bambance su. Yana da doka guda wadda ba ya sassautawa: wanda bai je makaranta da safe ba, ko aka ce ya gudu daga gona, ba zai taɓa ƙwallo da yamma ba, ko da kuwa shi ne mai ci mana. Ni kaina sau biyu yana zaunar da ni a benci saboda haka, na yi fushi na ce na bar ƙungiyar, bayan kwana uku na dawo da ƙafata. Kuma shi ne mutum na farko da ya karanta wani shirme da na rubuta a littafin lissafi, bai yi mini dariya ba, ya sa jan biro ya gyara mini rabin kalmomin ya ce in ci gaba. Da ya rasu ina Kano wajen maɗaba'a ina jiran a fito mini da littafi. Na zo ta'aziyya ranar sadakar bakwai, na zauna minti 20, na shafa fatiha na tashi. Daga ranar ban sake taka ƙofar gidan ba. Sai da yaron nan ya yi mini tambayarsa na je neman iyalin, aka ce ai tuni matar ta kwashe yaran ta koma garinsu, maƙwabta ma sun saɓa a kan sunan ƙauyen.

Na biyu mai tsaron gidanmu, wanda ya rungume kofin. Dogo ne siriri, ba ya sa safar hannu don ba mu da ita, sai dai ya tofa yawu a tafi ya murza. Shi ya tare bugun fenariti biyu ranar da muka ci kofin nan. Ya tafi ci-rani Kudu, mota ta kife da su a hanyar dawowa, aka binne shi can. Ya bar ɗa ɗaya yana goye. Yaron yanzu ya zama saurayi, yana faci a bakin tasha, kusan kullum sai na wuce ta gabansa mun gaisa. Ranar na ɗauki hoton na kai masa. Ya goge hannunsa a wando ya karɓa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, wanne ne shi a ciki?" Ashe bai taɓa ganin fuskar ubansa ba. Ashe duk tsawon shekarun nan fuskar tana kulle a akwatina tare da kyankyasai. Da na nuna masa sai ya ce, "Wai da gaske ya iya?" Na ce ya iya. Na zauna a kan tsohuwar taya na ba shi labarin fenaritin nan tun daga farko, yana ta tambaya ta wane gefe ya faɗi.

To a nan ne ra'ayina yake, kuma zan faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba. Mu Hausawa mun iya jana'iza, mun iya zaman makoki, ba a bar mu a baya ba wajen sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Amma daga ranar arba'in ɗin nan in mamaci ba sarki ba ne, ba babban malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne, to sunansa ya fara narkewa ke nan. Ɗan wasa kuwa ya fi kowa saurin narkewa, domin tun yana da rai ma ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, ɗan tamaula ne, zauna-gari-banza ne, alhali ranar da ya ciwo mana kofi mu ne muke ɗaga shi sama muna cewa garinmu ya yi nasara.

Ku dubi abin da ya faru ranar Asabar 31 ga Mayu, 2025. Motar da ta ɗauko tawagar Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gadar Dakatsalle a kan hanyar Zariya zuwa Kano. Sun ratso ƙasar nan tun daga Abekuta, saura ƙiris su shiga gida. Mutum 22 suka rasu, da 'yan wasa da masu horarwa da jami'ai. An yi kuka, an ba da hutu a Kano ranar Litinin, manya sun yi ta'aziyya, an yi wa iyalai alheri, Allah Ya saka wa duk wanda ya yi. Amma ina so mai karatu ya ajiye wayarsa ya gwada kawo sunan mutum uku daga cikin 22 ɗin nan, da irin wasan da kowannensu yake yi. Na gwada a majalisarmu, mu tara, ba a samu ko ɗaya ba, har da ni. Abin da ya rage a bakinmu shi ne "su 22 ɗin nan." Sun koma adadi.

A majalisar nan kuwa akwai yaran da ba su wuce shekara 20 ba, waɗanda in ka taɓo musu Manchester United za su gaya maka jirgin ƙungiyar ya faɗi a birnin Munich na Jamus ranar 6 ga Fabrairu, 1958, 'yan wasa takwas suka mutu, har agogon da aka kafa a filin Old Trafford mai ɗauke da ranar sun sani. Ba su taɓa zuwa Ingila ba, iyayensu ma ba a haife su ba a lokacin. Me ya sa suka san Munich ba su san Dakatsalle ba? Ba don yaranmu ba su da kishi ba ne. Don masu Munich sun rubuta nasu ne, suna kuma maimaita shi duk shekara har ya iso gidan kallon ƙwallo na Babban Mutum.

Su masu zari-rugar nan ma da na bi diddigi na ga abin a jininsu yake. A Afirka ta Kudu, Jami'ar Stellenbosch ta sanya wa filin wasanta sunan Danie Craven, mutumin da ya shafe shekaru yana horar da ɗalibanta, ya rasu a 1993, kuma har yau akwai gasar 'yan makaranta ta shekara-shekara da ake kira da sunansa. Chester Williams, wanda shi kaɗai ne ba farar fata ba a tawagar da ta ci kofin duniya a 1995 a gaban Mandela, ya rasu a watan Satumba na 2019 yana da shekara 49, a lokacin yana kocin ƙungiyar Jami'ar Western Cape. Can kuma a Kudancin Amurka akwai ƙungiyar Old Christians ta ƙasar Uruguay, wadda jirginsu ya faɗi a tsaunukan Andes cikin ƙanƙara a watan Oktoba na 1972. Mutum 45 ne a jirgin, 16 suka fito da rai bayan kwana 72. An rubuta littattafai, an yi finafinai, an buɗe gidan tarihi a babban birninsu, duk wanda ya mutu a wurin an san sunansa da shekarunsa.

Na san abin da wani zai ce, don an riga an faɗa mini a majalisa. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "Kai malam marubuci, wannan ai al'adar Nasara ce. Mu mamaci addu'a yake buƙata, ba a kafa masa gunki ana ajiye fure ba. Kuma wasa ai wasa ne." Na yarda da rabin maganarsa. Shi Craven ɗin nan har mutum-mutuminsa suka kafa, shi da karensa, mu kuwa ba za mu yi haka ba, ba na kuma kiran kowa ya yi. Ba na kiran a yi shiru na minti ɗaya, ko a kunna kyandir. Addu'a ita ce gaba da komai, babu jayayya. Amma ina tambaya, addu'ar ma wa za ka yi wa in ka manta da shi? Yaushe rabon da wani a cikinmu, mu 11 da muka rage, ya ɗaga hannu ya ambaci malamin nan da ya saya mana ƙwallo? Mantuwa ba ta tsaya a kan suna kaɗai ba, tana haɗawa da addu'ar, ta haɗa da marayun.

Batun cewa rubuta sunan magabata al'adar Nasara ce kuwa, wannan ɗan ƙasar Daura bai kamata ya faɗe shi ba. Mu ne fa masu Girgam. Tun muna firamare aka sa mu haddace sarauniyoyin Daura har zuwa kan Daurama, da Bayajida da Bawo da 'ya'yansa. Malamanmu na zaure in za su ba ka karatu sai sun jero maka wanda suka karɓa daga gare shi, shi ma daga wa ya karɓa. Ahmad Baba na Tambutu littafi guda ya wallafa a kan tarihin malaman da suka gabace shi, yau fiye da shekara 400. Ashe mun san amfanin jera suna tun kafin Bature ya zo. Abin da muka yi shi ne mun keɓe shi ga masu rawani. A Katsina kowa ya san Sarki Usman Nagogo, wanda ya rasu a 1981, gwani ne a wasan folo. To waɗanda suka yi sukuwa tare da shi fa, da waɗanda suka yi kiwon dawakin? Ku duba manyan filayen wasanmu: Sani Abacha a Kano, Ahmadu Bello a Kaduna, Muhammadu Dikko a Katsina. Ban ce ba su cancanta ba, amma duk masu mulki ne. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar lig ta ƙasar nan a 1978, yau in ka tare matashi a Ƙofar Mata ka ce ya kawo maka mutum uku a cikin waɗanda suka ci, sai dai ya yi maka murmushi.

Kuma ba sai mun je Turai neman misali ba, ga shi nan a bayan gidanmu. Mu da ke bakin iyaka mun fi kowa sanin yadda Nijar ke yi da 'yan kokawarta. In lokacin gasar Takobi ya zo, wadda aka fara a Tawa a 1975, garin nan kowa kunnensa na kan rediyo, jihohi takwas kowace ta kawo ƙartinta goma. To filin kokawar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, wanda ya fara cin takobin. Na Damagaram sunan Langa-Langa. Na Doso sunan Salma Ɗan Rani. Waɗannan ba gwamnoni ba ne, ba janar-janar ba ne, 'yan kokawa ne da suka sha ƙasa suka shayar. Yaro a Damagaram in ya tambayi ubansa wane ne Langa-Langa, labari ya tashi ke nan. Hausawa ne irinmu, Musulmi ne irinmu, tsakaninmu da su tafiyar da ba ta kai a gaji ba. Me ya hana mu?

A da muna da masu yi mana wannan aiki, su ne makaɗa. Shago da Ɗandunawa sun daɗe da barin fagen dambe, amma har gobe ana kiran sunansu a tasha da kasuwa da mahauta, saboda Ɗan Anace ya ɗaure sunayen a cikin waƙa, waƙar kuma ta shiga faifai da kaset ta ƙi mutuwa. Makaɗin shi ne littafin talaka. Damben da ba a yi wa kiɗa ba ya tafi da ƙurar fagen. To ƙwallon ƙafa ta zo ta karɓe zukatan samari, amma ba ta zo da makaɗinta ba. Mawaƙan yanzu kuwa, Allah Ya ba su haƙuri, ɗan siyasa da amarya ne ke biya, gola ba ya biya.

Saura mu marubuta, kuma a nan ne na fi jin kunya. Shekaru nawa muka yi muna cika kasuwa da littattafai, har aka yi mana laƙabi da adabin kasuwar Kano, wasunmu suka ji haushi wasunmu suka rungumi sunan. Mun rubuta soyayya, mun rubuta kishi, mun rubuta auren dole da aljanu da 'yan fashi. Ni kaɗai na kashe jarumai sun fi 30 a littattafaina, na sa mata sun yi ta kuka a kansu har ana aiko mini da wasiƙar zagi don na kashe wane. Amma ban taɓa rubuta shafi ɗaya a kan mutumin gaske da ya tare fenariti biyu da tafin hannu ba. In ka ce don ba zai sayu ba ne, to wa ya gwada? Mu da ko shekarar bugu ba mu cika sa wa a littattafanmu ba, yau in aka tambaye ni wace shekara na fitar da littafina na uku sai na yi lissafi da haihuwar 'yata. Wanda bai adana tarihin kansa ba, ina zai adana na wani.

Ba ina nufin kowa ya zama masanin tarihi ba ne. Abin da yaran jami'ar nan suka yi bai fi ƙarfin kowace ƙungiyar unguwa ba, littafin rubutu ne na 'yan nairori da mutum ɗaya mai amana. Amfaninsa na farko ma ba na mamacin ba ne, na waɗanda ya bari ne. Shafin nan da suka rubuta "wanda za a nema a danginsa" shi ya fi tsaya mini a rai. Da muna da irinsa, da yau na san ƙauyen da matar malaminmu ta koma, da ko buhun gero ne mun haɗa mun kai duk kaka. Mu 11 ne, a cikinmu akwai ɗan kwastan, akwai mai shagon siminti, akwai wanda ya yi kansila. Ba rashi ne ya hana mu ba.

Wani abokina ya ce in bari gwamnati ta yi, ai akwai ma'aikatar wasanni. Na ce masa gwamnati ba ta san golanmu ba, ba ta kuma da dalilin saninsa. Manyan ma da ƙasa ta sani, yaya aka ƙare? Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya a 1994 ya shiga raga ya riƙe ta yana kuka, duk muna gaban talabijin ɗin da aka jona da batirin mota muna ihu, ya rasu a watan Mayu na 2012 cikin kaɗaici a Ibadan, sai bayan ya tafi aka tashi yabo. Chinedu Udoji na Kano Pillars ya buga wasa da Enyimba a Kano a watan Fabrairu na 2018, a daren nan ya rasu a haɗarin mota. In waɗannan sai an yi tuni kafin a tuna, to ɗan Babban Mutum da bai taɓa fitowa a jarida ba wa yake jira?

Zambiya kuwa da jirgin 'yan wasanta ya faɗa teku kusa da Libreville ta Gabon a watan Afrilu na 1993, mutum 30 suka tafi, sai ta binne su a gefen babban filin wasanta na Lusaka. Sababbin da ta haɗa su ne muka doke da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1994, muna ta murna ba mu ma lura da halin da suke ciki ba. A 2012 gasar ta kai su Libreville ɗin nan, suka je bakin tekun suka tuna da nasu, sannan suka shiga fili suka ɗauke kofin a hannun Kwaddibuwa. Yawancin yaran da suka ci kofin suna ƙanana lokacin haɗarin.

Ni dai na sayi littafina, mai bango mai kauri. Na fara da mu 16 ɗin nan. Na bi gida-gida da hoton, tsofaffin abokai suna ta dariyar ƙafafunmu kamar sillen kara, wani ya yi dariya har ya koma share hawaye. Cikin biyar ɗin da suka ɓace mini na samo uku, ɗaya ma ashe yana nan da ransa a Agadas yana sayar da kayan babur. Wata tsohuwa da ke sayar mana da ƙosai a bakin fili ita ta ba ni sunan uban ɗaya, ta ce har yau yana riƙe mata kuɗin ƙosai, amma ta yafe tunda ya rasu. Ɗan golanmu na kai shi wajen mai hoto an wanke masa nasa, an ƙara girman wurin da ubansa yake, ya liƙa a jikin allon da yake jingine tayoyi. Ɗan yayata kuma kafin ya koma makaranta ya bar wa yaran unguwa ƙwallon gwandar nan, suna can suna kayar da juna a filin firamare, iyaye mata suna ta kawo mini ƙarar yagaggun riguna.

Saura mutum biyu. Ɗaya yana tsaye na uku daga dama, baƙi ne mai wushirya, ina jin daga wajen Ɓaɓura yake zuwa a keke. Ɗayan yana durƙushe kusa da ni, hannunsa a kan kafaɗata. Sai kuma ƙauyen matar malam, wanda wani ya ce mini a ƙasar Zango yake, ranar Juma'a in Allah Ya kai mu zan hau babur in je in tambaya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kyauta namu zuwan. Mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.

Wassalam.